Ruwan randar Umma da fim ɗin Hawan Daushe

Laraba. Zafin Zariya yau ba a magana, tun ƙarfe goma ruwan tankin da ke saman ɗaki ya fara ɗumi, da azahar na tsoma ma'aunin zafi a bokiti na ga digiri 36. Ni kuma fim ɗin da na ɗauka ranar Hawan Daushe a Ƙofar Fada yana nan a ajiye, Ilford HP5 ne baƙi da fari, sinadarin wanke shi kuwa digiri 20 yake so. Wai 20, a Zariya, a wannan bazarar.

Abin dariyar ma da fim mai kala ne da na huta, shi wankinsa, da ake kira C-41, a wajen digiri 38 ake yin sa, kenan tankinmu ya kusa yi min aikin kyauta.

Tun asuba aka ɗauke wuta, firij ya zama kabad, sai na aiki ƙanena Tudun Wada ya sayo fiya wata mai ƙanƙara, ya dawo yana cewa Yaya rabi fa ya narke a hanya. Na zuba ruwa a baho na jera kwalaben a ciki, dibelofa mai fito da hoton a jikin fim, da ruwan tsayar da aikinsa, da fiksa mai sa hoton ya zauna, na jefa ledojin ƙanƙarar ba tare da na fasa su ba, ya sauka 19, kafin in gama naɗa fim a cikin jakar duhu hannuna duk gumi ya koma 23, a ƙara ƙanƙara ya sauka a juya baya ya hau, haka muka yi ta yi. Kuma ko ka samu 20 ɗin, ruwan ɗauraya fa? Ka fito da fim daga sanyi ka sheƙa masa na tanki mai 36, fatar nan ta jelatin da ke jikin fim, wadda hoton ke zama a kai, sai ta yi laushi ta kumbura ta yamutse kamar ƙasan tafki in ya bushe, ba ta gyaruwa har abada.

Wani dattijo da ya yi situdiyo a Sabon Gari tun zamanin da babu dijital ya taɓa ce min, ɗana daina kokawa da ƙanƙara, nemi ruwan da zai tsaya waje ɗaya kawai ka bi shi. Sai na leƙa randar Umma da ke ƙarƙashin darbejiya, na auna, 24 cif, na bar shi na dawo na sake aunawa, yana nan a 24. Ƙasar randa tana tsattsafo da ruwa iska na busar da shi, shi ke riƙe mata sanyin, babu ruwanta da wuta.

Lissafin ba wuya. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru sai ka rage kusan kashi 10 cikin ɗari na lokacin da fim zai yi a cikin dibelofa. Dibelofan nawa, ID-11, na sirka shi da ruwa rabi da rabi, a 20 minti 13 ne, a 24 ya dawo wajen minti 9. Da gangan na sirka, don in ba a sirka ba lokacin sai ya matso kusa da minti 5, a nan kuwa wankin ba ya yin daidai, wani waje ya ci wani waje bai ci ba. Komai da ruwan randa na haɗa, har ɗaurayar, cika tankin fim, wato ɗan gwangwanin da ake wanke shi a ciki, in jujjuya in zubar sau uku, ban bar famfo ya taɓa shi ba.

Umma dai ta fito ta tarar randa ta yi ƙasa, ta ce kai yanzu ruwan shan nawa ka mayar na wankin hoto? Na ce Umma a yi haƙuri yanzu zan cika ta. Ta ce cikawa ba ita ce sanyi ba, sai gobe zai shawu.

Negetif ya fito tas, rawunan mahaya farare ba su ƙone ba, har adon da ke goshin dawakai ana gani in ka ɗaga shi a haske. Na rataye shi a banɗaki na yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Asabar in Allah ya kai mu zan shiga kasuwa in sayo tawa randar, ƙarama, ta zauna a ɗakin wanki.