Godiya bayan tiyatar mahaifinmu

Assalamu alaikum. A madadin iyalanmu da ke Aboabo a nan Kumasi, ina gode wa Allah Maɗaukakin Sarki, sannan ina gode wa duk wanda ya tsaya mana lokacin da aka yi wa mahaifinmu tiyatar karayar ƙugu. An sallame shi, har ya fara takawa da sanda.

Godiya ta musamman ga likitan da ya ba shi maganin barci da ma'aikatan jinya na ɗakin farfaɗowa. An gama aikin kafin azahar, amma ba a fito da shi ba sai bayan la'asar, kuma da aka bar ni na leƙa, na tarar yana makyarkyata, haƙoransa suna haɗuwa, yatsunsa sanyi ƙalau, alhali a waje gumi muke sharcewa. Wata nas ta ga hankalina ya tashi, ta ce, "Malam, Baba bai shiga haɗari ba, ɗumama shi muke yi."

Ta bayyana mini cewa maganin barci yana buɗe jijiyoyin jini, sai ɗumin da ke cikin jiki ya watsu zuwa fata ya fice, ga sanyin ɗakin tiyata, ga na ruwan da ake ƙarawa. Zafin jikin mai lafiya yana wajen digiri 37, kuma idan ya sauka ƙasa da 36, hanta takan yi jinkirin narkar da maganin, farfaɗowa ta ja lokaci, jini ma ba ya saurin daskarewa, abin da ya fi samun tsofaffi. Sun lulluɓe shi da bargon da ake hura wa iska mai ɗumi, suka ɗumama ruwan ƙarin, suka ƙi sakin sa sai da ma'auni ya nuna ya dawo daidai. Gwaggonmu ta so a ba shi koko mai zafi, aka hana, domin wanda bai gama wartsakewa ba yana iya shaƙewa. A ganina, wannan bayanin da aka yi mana cikin haƙuri ya cancanci godiya ta daban.

Muna kuma gode wa samarin unguwa da suka ba da jini, da limaminmu, da 'yan uwa na Nima da Tamale da suka aiko da gudummawa. Allah Ya saka wa kowa da alheri. Masu son zuwa dubiya, muna roƙon su zo bayan la'asar, domin da safe yake motsa ƙafar kamar yadda likita ya umarta.