Esposito: Sunan Da Ba Ya Nuna Dangi

A karatun tarihin sunayen Italiya, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan masu suna ɗaya ba ya nufin jini ɗaya ne ya haɗa su. Rossi, sunan da ya fi kowane yawa a ƙasar, daga jan gashi ko jar fata ya samo asali, Ferrari kuwa daga sana'ar ƙira. Waɗannan ba su da wuyar ganewa. Esposito ne ya sa na zauna na yi shiru.

Babu sunan da ya kai shi yawa a birnin Napoli da yankin Campania, yana kuma cikin na sahun gaba a Italiya baki ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka wata babbar zuriya ce mai kaka ɗaya. Ina! Asalinsa kalmar Latin ce, expositus, wato wanda aka ajiye a waje. Sunan da ake ba jariran da aka tsinta ne.

A unguwar Forcella da ke birnin Napoli akwai gidan Annunziata, wanda tun ƙarni na 14 yake karɓar irin waɗannan yara. A jikin bangonsa an yi wata kafa, an sa akwatin katako mai juyawa. Uwa ta zo, galibi da dare, ta sa jaririnta, a juya akwatin, masu reno su ɗauke shi daga ciki, ba wanda ya ga fuskar wani. Wata takan bar rabin kwabo ko yagaggen hoto a cikin zanin goyon, ta riƙe ɗaya rabin, ko Allah zai sa wata rana ta dawo neman ɗanta. Ba duka ne 'ya'yan da aka haifa ba aure ba, da yawa talauci ne ya raba su da iyayensu. Magatakarda ya buɗe littafi, ya rubuta rana da kayan da aka samu a jikin yaro, ya sa masa Esposito. Sai a 1875 aka rufe akwatin nan.

Kowane gari da nasa salon. A Roma Proietti ake cewa, a Florence kuma Innocenti, daga sunan gidan marayun da ya fara karɓar yara a 1445. Milan ta zaɓi Colombo, wato kurciya, tambarin asibitin da ke kula da su, ko da yake ba kowane Colombo ne ɗan tsintuwa ba.

Tun daga nan na daina gaggawar haɗa mutane zumunci don sunansu ya zo ɗaya a takarda, don tamkar a ce duk mai amsa Kano a ƙarshen sunansa ɗan gida ɗaya ne. Yanzu tambayata ta farko ita ce: wa ya rubuta sunan, a wane gari, a wane littafi?

Joachim Murat, wanda ya yi sarautar Napoli daga 1808 zuwa 1815, mijin ƙanwar Napoleon sarkin Faransa, ya hana a ci gaba da sa wa yaran tsintuwa sunan Esposito saboda tabon da yake bar musu har girma. Sai ma'aikata suka koma ƙirƙiro sunaye daga watanni, tsirrai, duwatsu da duk abin da ya faɗo musu a rai. Wannan ya ƙara wa mai bin salsala aiki, domin ko sunan da ba a cika ji ba, mai kama da na tsohon gida, yana iya zama wani magatakarda ne ya ƙago shi ranar da aka kawo jariri.