Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tambayar da ɗan dako ya yi min a ƙofar gidan mai unguwa

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda aka kira ni ofis aka ce daga yau ni ce zan riƙe shirin hana matasa shaye-shaye a ƙaramar hukumarmu, ni da duk aikina a baya awon ciki ne da rigakafin yara a asibitin sha-ka-tafi.

Toh lokacin kuwa garin Kano a cike yake da maganar kodin. A ƙarshen watan Afrilun 2018 ne BBC ta fitar da binciken nan da ya nuna yadda ake fitar da maganin tari mai kodin ta bayan fage ana sayar wa yara, washegari 1 ga Mayu gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Tun 2017 ma an faɗa a majalisar dattawa cewa kwalba miliyan 3 ake shanyewa kullum tsakanin Kano da Jigawa. Kowa ya tsorata, kowa na son a ga an yi wani abu, shi ya sa aka ba mu mota da lasifika aka ce mu shiga unguwanni.

Taronmu na farko a ƙofar gidan mai unguwa muka yi bayan la'asar. Na kwana ina shiri, na bugo manyan hotuna, ga wanda ya haukace yana tsince-tsince a bola, ga hanta ta lalace, ga wani an ɗaure shi da sarƙa. Samari suka cika tabarmi har da na tsaye, na yi ta bayani kusan awa guda, ina cewa duk wanda bai daina ba ƙarshensa Dawanau ne, kun dai san a Kano in aka ce Dawanau asibitin masu taɓin hankali ake nufi.

Ina gamawa wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu, ba zai wuce shekara 19 ba, siriri, wuyansa duk jijiya. Ya ce, "Anti, ni ai kullum a Dawanau nake wuni, amma kasuwar. Dako nake yi, buhun masara nake saukewa daga tirela tun asuba. In ban sha tiramol ba wallahi bayana ba ya miƙewa. In na daina yau, wa zai ɗauke min buhun, kuma wa zai kai wa Ummata cefane?"

Wajen ya yi tsit. Mai unguwa ya daka masa tsawa ya ce rashin kunya ce, na ce, "Baba, don Allah a ƙyale shi, gaskiyarsa ya faɗa." Amma ni kaina ba ni da amsa a ranar, na dai ce masa ya tsaya mu yi magana, kafin in gama sallamar dattawa ya ɓace.

Ban yi barci ba a daren nan. Duk hotunan da na ɗaga babu ɗaya da ya yi magana da shi, don shi ba nishaɗi ya kai shi ba, ciwo ne da nauyin gida. Kuma abin da mutane da yawa ba su gane ba, tiramol maganin ciwo ne na gaske, likita na rubuta mai miligiram 50 ko 100, amma wanda ake sayarwa a lungu mai 225 ne, wani ma biyu ko uku yake haɗawa da shayi. Jiki yana sabawa, abin da ya ishe ka bara bana ba zai ishe ka ba, in ya yi yawa kuma sai ka ga mutum ya faɗi yana shure-shure kamar mai farfaɗiya a ce aljanu ne. In kuma ya yanke lokaci ɗaya, ga ciwon gaɓɓai, ga gumi, ga gudawa, ga hamma ba iyaka, barci ya ƙaurace masa, kwana biyu ya koma ya sha don kawai ya samu sauƙi, sai a ce ai bai da niyya. Wannan kalmar ta "bai da niyya" tana ƙona min rai har yau.

Daga nan na ajiye hotunan. Na roƙi wani abokin aikina namiji muka fara zuwa majalisar samari da daddare, wajen mai shayi, wajen 'yan adaidaita sahu, ba lasifika ba riga mai tambari, don da sun ga tambari sai su ɗauka 'yan NDLEA ne, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, su watse. Mu zauna mu saurara kawai. A nan na san cewa hana kodin bai rage masu sha yadda aka zata ba, kwalbar ta yi tsada sai wasu suka koma ƙwayoyin sa barci irin su rochi da diyazafam, ƙananan yara kuma sholisho suke shaƙa a tsumma saboda shi ne mai araha. Da yawansu a gidan biki ko a yawon siyasa aka fara miƙa musu, ba su ma san sunan abin ba.

Ga 'yan makaranta kuwa sai muka ɗauki salon wani shiri da ake kira Unplugged wanda UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta kawo makarantun sakandare, darussa 12 ne, kuma ba tsoratarwa ake yi ba, yaro ake koya wa yadda zai ce a'a wa abokinsa ba tare da ya ji an raina shi ba, da kuma gane cewa ba kowa ne ke sha ba kamar yadda ake zuga shi. Mu ma muka riƙa sa yara suna gwadawa a gaban aji, wannan ya miƙa wannan ya ƙi, har malaman Islamiyya biyu suka karɓa suna yi bayan hadda.

Shi kuwa yaron nan sai da na yi wajen wata biyu ina nemansa. Na same shi ta hannun shugaban 'yan dakon layinsu, dattijo mai kirki, wanda ya yarda ya mayar da shi wajen ɗinkin buhu na ɗan lokaci, kuɗin bai kai na dako ba amma bayansa ya huta. Na kai shi wajen likita aka riƙa rage masa a hankali. Ya koma sha sau biyu, sau biyun kuma ya dawo da ƙafarsa. Kawunsa ya dage sai an kai shi gidan mari, na durƙusa har ƙasa na ce, "Kawu, sarƙa ba ta cire wannan ciwon, ku ba ni wata uku." Da aka fasa wani gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 aka fito da mutum sama da 300 wasu da mari a ƙafa, kawun nan da kansa ya kira ni a waya.

Duk wannan lokacin hankalina na kan maza ne. Ko da rahoton ƙasa ya fito a farkon 2019 yana cewa mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwaya a Najeriya, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce, na karanta na wuce, don a majalisa ban taɓa ganin mace ba.

Sai wani dare bayan isha'i aka yi sallama a gidana, mahaifiyar yaron nan ce. Na zata godiya ta zo, har na fara cewa ai Allah ne ya yi. Ta zauna ba ta cire hijabi ba, ta zaro baƙar leda ta ajiye a gabana, kwalabe ne guda shida duk babu komai a ciki. Ta ce, "Hajiya, ba nasa ba ne. A ƙarƙashin katifar ƙanwarsa na gani, kuma saura wata ɗaya bikinta."

Abin da muka yi ni da ita a daren, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.