Gugan Kusugu da Tambayar Kishiya

Da hantsi muka bar Katsina, ni da ɗan ƙanwata mai karatun Fiziks a jami'a. Kafin Mashi taya ta yi faci, muka sauka gindin wata bedi muna jiran direba. Nan yaron ya tsinko ɗan bedi ya sake shi, ya faɗi tim.

"Kawu, da wannan na antimata ne, sama zai yi ko ƙasa?"

Na ce ya bar ni da zafin rana. Bai bar ni ba. Wai kowace ƙanƙanuwar ƙwaya da aka gina abubuwa da ita tana da kishiya, ita ce antimata, nauyinsu ɗaya amma cajinsu a juye, kuma da sun haɗu sai su hallaka juna su zama haske. Wata dattijuwa da ke gefe ta ce, "Ɗan nan, wannan ai a gidanmu aka yi." Har direba sai da ya saki sifana don dariya.

Masanin Fiziks Dirac ya hango kishiyar nan a lissafi a 1928, aka gan ta a 1932, amma auna faɗuwarta sai a 2023, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba. Wahalar ita ce ba ta da mazubi, duk abin da ta taɓa ta tafi. Sai masu wani gwaji mai suna ALPHA-g suka haɗa kishiyar sinadarin haidurojin, suka tsare ta da maganaɗisu cikin wani bututu a tsaye, kusan ƙwaya 100 a lokaci guda, sannan suka sassauta bakin sama da na ƙasa a hankali. Wajen kashi 80 cikin 100 ta ƙasa suka fice. Abin da ka'idar Einstein ta 1915 ta nuna ke nan.

Ni dai na ɗan ji haushi. Na so a ce sama ta yi.

Bayan azahar muka shiga Daura, muka wuce Kusugu, rijiyar da ake cewa Bayajidda ya kashe macijiya. Yanzu cikin ɗaki take, da sanyi. Na zura guga, igiya tana zamewa a tafina har na ji ya bugi ruwa.

"Saurin faɗuwar fa, daidai yake da na gugan nan?" na tambaye shi.

"Awon farko ya yi kusa, Kawu, amma da sauran gyara. Suna kai."

Na jawo, muka sha, na cika gora don tsarabar gida.