Asabar a gidan Baba, da kwalaben ƙarƙashin matakala

Yau ba ni da aiki, ruwa kuma tun asuba yake tsuga a Dorchester, a kudancin Ingila. Wajen ƙarfe 3 dattijon maƙwabcina, Baturen da nake kira Baba har shi ma ya saba, ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce in zo in sauko masa da wani kwali, gwiwarsa ba ta barinsa ya durƙusa. A lungun da ke ƙarƙashin matakalar bene na same shi, wuri mai duhu da sanyi, ƙura ta rufe shi. Kwalaben giya ne a tsaitsaye, kowace da shekararta a jiki. Ya ce likita ya rage masa sha sosai, shi kuma ba ya son ya mutu ya bar su a hannun wanda zai zubar a kwata.

Yawancinsu Thomas Hardy's Ale ne, giyar garin nan. Kamfanin Eldridge Pope ya fara dafa ta a 1968, lokacin cikar shekara 40 da rasuwar marubucin da aka sa mata sunansa. Ƙarfin barasarta ya kai kusan kashi 12 cikin ɗari, ninki biyu da wani abu na giyar da ake sha a mashaya, shi ya sa ake zuba ta a 'yan ƙananan kwalabe. A takardar jikinta an rubuta cewa za ta iya zama shekara 25 tana ƙara kyau. Sun daina yin ta a 1999, wani ƙaramin kamfani a Devon, O'Hanlon's, ya ɗauka daga 2003 zuwa 2008. Masana'antar Eldridge Pope kanta, wadda ke kusa da tashar jirgin ƙasa, yanzu ta zama gidajen kwana da wuraren cin abinci. Baba ya ce da can idan ana dafuwa duk unguwar ƙamshin tsiron sha'ir take yi.

Ta 1993 muka fara buɗewa. Da ya ɗaga murfin sai wani ɗan "tsit" da kyar na ji shi. Ya karkata kwalbar a hankali yana zubawa a ƙananan tambulan guda biyu, hannunsa na rawa, ya tsaya kafin gwiɓin gindi ya biyo. Ba kumfa sai wani siririn zobe a gefe. Da na ɗaga ta wajen taga, launinta ja ne mai duhu. Ƙamshin dabino da zabibi ya fara zuwa, daga baya na ƙonannen sukari. A baki tana da kauri da zaƙi, ɗan ɗaci na biye a ƙarshe, sai ɗumi ya sauka har ƙirji. Na daɗe riƙe da kurɓin farko ban haɗiye ba.

Abin ya taɓa ni ne saboda kakata mai burkutu ce a ƙauyenmu kusa da Kafanchan. A wurinta giya ba ta jiran kowa. A jiƙa dawa, a yi tsiro, a niƙa, a dafa, ranar da ta nuna ranar ake shanye ta tana kan tashi, idan ta ƙara kwana biyu ta zama tsami. Da na faɗa wa Baba haka ya gyara zama, ya ce ai dalilin da ya sa tasa giyar ke daɗewa ba ɓoyayye ba ne. Barasa mai yawa tana hana ƙwayoyin da ke tsamar da giya yin aiki, furen hop mai ɗaci da ake dafawa a ciki shi ma yana kare ta. Akwai sukarin da bai gama zama barasa ba, akwai yis mai rai a cikin kwalbar yana ci a hankali. 'Yar iskar da ta maƙale a wuya kuwa ita ke juya ɗanɗanon zuwa na busassun 'ya'yan itace shekara bayan shekara, yayin da ɗacin hop yake ja da baya. Haske da zafi su ne abokan gabarta, shi ya sa ya zaɓi wancan lungu.

Sai ta 1979, wadda ta girme ni. Baba ya saye ta shekarar da aka haifi 'yarsa. Wannan ko "tsit" ba ta yi ba, ta fito baƙa, lumus, tana manne wa gilashi. Zaƙin ya ragu, ƙamshin fata da na taba sun shigo, sannan a ƙarƙashi akwai wani ɗanɗano mai gishiri-gishiri kamar daddawa. Baba ya ce yis ne da ya mutu ya narke a ciki. Ya lumshe ido yana jinjina kai. Ni dai a ganina ta wuce ganiyarta. Tana da zurfi, amma ba a iya shan fiye da cokali uku, ta 1993 kuwa har yanzu da sauran rai a jikinta. Na faɗa masa haka. Ya ce, "Ɗana, kai harshenka kake saurara, ni kuwa ina tuna ranar da na shigo da ita gidan nan a aljihun kwat." Ban ƙara musu ba, ko da yake ban sauya ra'ayi ba.

Wata mai toshiya ta lalace, takardarta ma ta ruɓe ba a gane ta waye. Toshiyar ta farfashe a hannuna, abin da ke ciki warin jiƙaƙƙen kwali yake yi. Muka zubar.

Ta ƙarshe J.W. Lees Harvest Ale ce daga wajen Manchester, wadda suka soma yi a 1986 da sabon sha'ir da hop na kakar kowace shekara, ƙarfinta kashi 11.5. Ta 1998 ce tamu. Ta fi sauran zaƙi da laushi, muka ci ta da cukuin Cheddar mai gishiri, suka dace ƙwarai.

Duk abin da na sha bai cika tambulan ɗaya ba, amma na ji shi a ƙafafuna da na miƙe. Baba yana da wani littafi da yake rubuta kowace kwalba da ya buɗe, da rana da wanda suka sha tare. Shafukan baya duk sunan marigayiya matarsa ne. Yau ya rubuta nawa, ya kuma rubuta cewa mun saɓa kan ta 1979. Saura kwalba shida na mayar ƙarƙashin matakala. Ɗayar ta 1979 ya ce kada in taɓa, ta 'yarsa ce idan ta zo Kirsimeti. Gobe bayan coci zan kai masa miyar kuka da tuwo, don na lura babu komai a firjinsa sai madara da cukuin nan.