Baƙin Akwati a Motar Sabon Direba

Ranar da ɗan yayata ya karɓi lasisin tuƙi yana da shekara 18, murnarsa ba ta kai mako guda ba, domin da muka zauna muna bin kamfanonin inshora ɗaya bayan ɗaya, kuɗin shekara guda da mafi yawansu suka yanka masa ya zarce abin da ya biya ya sayi tsohuwar motar. Ya dube ni ya ce, "Kawu, ni da ban taɓa gogar motar kowa ba, me na yi musu?" Gaskiyar magana bai yi musu komai ba, kuɗin goro aka yi musu shi da sa'o'insa.

Kamfanin inshora bai san shi ba, kuma ba shi da tarihin tuƙi da za a duba, saboda haka sai a auna shi da shekarunsa, da irin motarsa, da unguwar da take kwana, da nisan tafiyar da yake sa ran yi a shekara. A Birtaniya, alal misali, an daɗe ana kasa motoci rukuni 50, kuma iya ƙarfin inji da tsadar gyara, iya hawan rukunin. Abin da ya ɗaure wa yaron kai shi ne yadda inshora za ta fi mota tsada, alhali ba motarsa ce damuwar kamfanin ba. Damuwarsu ita ce mutumin da zai iya bugewa ya nakasa, wanda za a biya shi diyya da kuɗin jinya har ƙarshen rayuwarsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29, don haka tsoron nasu ba na banza ba ne.

A nan ne aka kawo mana maganar telimatiks, wato inshorar da ke tafe da na'urar bibiyar tuƙi, wadda aka fi sani da baƙin akwati. Wata bakanike ne ke ɗaura ta a ɓoye bayan sitiyari, wata kuma da kanka za ka manna ta a gilashin gaba, wasu kamfanonin ma manhajar waya kawai suke bayarwa. Tana amfani da GPS ta san inda mota take da gudun da take yi, tana kuma jin yadda aka taka totur, da yadda aka taka birki, da yadda aka sha kwana, sannan ta aika wa kamfani, shi kuma ya ba direba maki. Tsarin ya yi ƙarfi a Italiya da Birtaniya, a Amurka kuma kamfanin Progressive yana da irinsa mai suna Snapshot. A Turai kasuwarsa ta ƙara buɗewa bayan Kotun Tarayyar Turai ta hana bambanta farashi tsakanin maza da mata, hukuncin da ya fara aiki a Disambar 2012, domin da aka ƙwace wa kamfanoni ma'auni ɗaya dole suka nemi wani.

Mun amince, kuɗin ya sauka ƙwarai, kuma alƙawarin da ke cikin cinikin yana da kyau a kunne: a daina yi maka hukunci da laifin wasu, a duba tuƙinka kai kaɗai. Sai dai bayan wata biyu na gane iyakar wannan alƙawari, domin na'urar ta san abin da mota ta yi, amma ba ta san dalilin da ya sa ta yi ba. Wata rana ina gefensa mai keke ya faɗo mana daga lungu, yaron ya danne birki har na dafe gaban mota, ya tsaya saura taku ɗaya. Ni na yaba masa, manhaja kuwa da yamma ta rage masa maki saboda birkin gaggawa. Wani makon kuma GPS ya ɗauka yana kan ƙaramar hanyar da ke gefen babban titi, inda iyakar gudu ta fi ƙasa, aka rubuta masa gudun wuce ƙima, sai da ya yi ta aika saƙo kafin a goge.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun dare. Yaron yana aikin da ake tashi ƙarfe 11 na dare, kuma kowace komawa gida tana ja masa makin ƙasa, ko da ya tuƙa kamar mai ɗauke da ƙwai. Hujjar kamfani ita ce haɗuran dare sun fi muni, ga duhu, ga gyangyaɗi, ga titi fayau mai ruɗin ƙafa, kuma ban musa ba. Amma matashin da ke aikin dare galibi shi ne wanda aljihunsa ya fi rauni, shi ne kuma ya rungumi na'urar don neman sauƙi. Wasu yarjejeniyoyin ma dokar hana fita suke gindayawa kai tsaye, wanda hakan kan sa yaro ya ƙara wuta don ya isa gida kafin lokaci ya cika, ka ga an gudu ba a tsira ba. Duk wanda zai sa hannu, wannan sharaɗin ya kamata ya fara nema a cikin takardar, tare da adadin tafiyar da aka yarje masa a shekara da abin da za a caje shi idan ya haura.

Akwai kuma haɗarin da matasa ba su cika lura da shi ba. Idan maki ya yi ta faɗuwa, ko aka kama mummunan gudu, kamfani na iya soke inshorar, kuma daga nan duk inda mutum ya je za a tambaye shi ko an taɓa soke masa, amsar kuma tana ƙara masa tsada. Dabarar da wasu iyaye ke yi ta rubuta sunansu a matsayin ainihin direba alhali yaron ne ke jan motar kullum ba mafita ba ce, zamba ce, kuma ranar da aka yi haɗari kamfani na iya juya baya. Bayanan da na'urar ke tarawa kuwa takobi ne mai kaifi biyu, suna iya wanke direba ko su gano motar da aka sace, suna kuma iya zama shaida a kansa.

Duk da haka, da za a sake tambayata zan ce ya karɓa, na shekara ɗaya ko biyu, har ya tara rangwamen da ake yi wa wanda bai nemi diyya ba. Na ga yadda ya koyi barin tazara da sassauta gudu tun daga nesa, abin da faɗana bai koya masa ba. Na'urar ba ta san wanda ke riƙe da sitiyari ba, kuma ranar da na ari motar, ni mai shekara 25 ina tuƙi, makinsa na makon ya faɗi fiye da yadda ya taɓa faɗuwa. Da lokacin sabuntawa ya zo kuɗin ya ragu, ya zaɓi ya ƙara shekara da akwatin, makullin motar kuwa har yau bai sake miƙo mini shi ba.