Godiya ga waɗanda suka gyara mana fom ɗin rajista

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, fom ɗin rajistar ɗalibai na Islamiyyarmu a nan Aboabo, Kumasi, ya dawo aiki, bayan kwana uku iyaye suna danna maɓallin aikawa, shafi ya yi walƙiya ya dawo fayau, mu kuma ko suna ɗaya bai iso mana ba.

Muna godiya ta musamman ga 'yan'uwanmu biyu da suka zauna kan kwamfuta daga isha'i har dare ya raba. Da suka danna maɓallin F12 a burauzar Chrome don buɗe Console, wato wurin da saƙonnin kuskure ke fitowa, sai suka tarar babu komai, domin duk lokacin da shafi ya sake lodi yakan share saƙon kuskuren. Sai da suka kunna Preserve log, zaɓin da ke hana share saƙonnin, jan rubutun kuskuren ya tsaya: Cannot read properties of null, ma'ana an nemi karanta wani abu daga abin da babu shi. Aikin JavaScript (yaren da ke sarrafa aikin shafi) da ke jiran submit, wato aika fom, yana neman akwati mai suna "waya" da umarnin getElementById, alhali a cikin HTML, rubutun da ke tsara shafin, an riga an canza sunan zuwa "lambarWaya". Ya nema bai samu ba, ya faɗi a layi na biyu. Shi kuwa preventDefault, umarnin da ke hana burauza aika fom da kanta, can ƙasa aka ajiye shi, ba a taɓa kaiwa gare shi ba, shi ya sa burauza ta aika fom ɗin yadda ta saba ta sabunta shafin. Suka daidaita sunan, suka ɗauko preventDefault suka mai da shi layin farko. A ganinmu nan ne muhallinsa tun asali.

Ashe da sauran rina a kaba. Wata 'yar'uwa, Allah ya saka mata da alheri, ta gwada da wayarta, fom ya ƙi karɓar lambarta. Lambobin Gana goma ne kuma da sifili suke farawa, kamar 024, amma an bi da su ta Number(), umarnin da ke mai da rubutu adadi, wanda ya cinye sifilin suka koma tara. Yanzu ana karɓarsu a matsayin rubutu, ana duba goma ne cif.

Iyaye, mun gode da haƙurinku, musamman waɗanda suka tako har makaranta cikin rana. Duk wanda ya cika fom tsakanin Litinin da Laraba, don Allah ya sake cikawa, na baya bai shigo ba. Allah ya bar zumunci.